Gregg Toland da bashin haske: yadda komai ya fito tar a Citizen Kane

A shekarar 1940, in ka shiga kowane situdiyo a Hollywood ka duba jikin gilashin kyamara, lambar da za ka tarar an saita tana tsakanin f/2.3 ne da f/3.5. A shekarar nan mai ɗaukar hoton fim Gregg Toland ya ɗauki Citizen Kane a kan f/8 da f/11, jefi-jefi har f/16. Ga wanda ba ya sana'ar, 'yan lambobi ne kawai. Ga masu kula da fitilu kuwa, ma'anarsa ita ce a ninka hasken da aka saba kunnawa sau takwas zuwa sau talatin da biyu, in dai ba a samo wata dabara ba. Duk sunan da Toland ya yi a wannan fim ya ta'allaƙa ne a kan yadda ya biya wannan bashi, da kuma abin da ya saya da shi.

A cikin gilashin kyamara akwai wata kafa da ake buɗawa ko a tsuke, ta nan haske ke bi ya faɗa kan fim. Lambar f ita ce ma'auninta, kuma a baibai take tafiya: ƙaramar lamba, babbar kafa. Jerin shi ne 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki yana yanke hasken biyu. Daga 2.8 zuwa 8 mataki uku ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na hasken ne ya rage. Mai ɗaukar hoton kati yana da mafita, sai ya bar kyamara ta daɗe tana shan haske. Mai ɗaukar fim ba shi da ita, domin hoto 24 ake ɗauka a kowane sakan, kowanne kuma rabonsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 50 na sakan ba.

To me ya sa mutum zai tsuke kafar? Saboda gwargwadon tsukewa, gwargwadon zurfin filin da ke fitowa tar, kamar yadda mai raunin gani ke ƙanƙance ido don ya karanta rubutun da ke nesa. Ga lissafin a fim mai faɗin milimita 35. Ka ɗora gilashin milimita 50, wanda aka fi amfani da shi a lokacin, ka buɗe shi a f/2.8, ka saita fokas a kan mutumin da ke nisan mita uku. Abin da zai fito tar yana farawa ne daga kusan mita 2.8 ya ƙare a kusan mita 3.3. Rabin mita ke nan. Wanda ya ja da baya taku biyu ya zama dishi-dishi. Yanzu canja zuwa gilashin milimita 24, mai faɗin gani, ka tsuke shi zuwa f/8, ka saita a mita 2.9. Tun daga kusan mita ɗaya da rabi har iya ganin ido, komai zai fito. A f/16, in ka dawo da fokas zuwa kusan mita ɗaya da rabi, iyakar kusa tana saukowa zuwa kusan santimita 70.

Ba Toland ne ya gano wannan ba, kuma ba shi ne ya fara amfani da shi ba. Finafinan zamanin bebaye da aka ɗauka cikin hasken rana suna da zurfi sosai. James Wong Howe ya gwada irinsa a Transatlantic a 1931, Jean Renoir ma yana yi a Faransa. Abin da ya faru shi ne zuwan sauti a ƙarshen shekarun 1920 ya ture zurfin gefe. Fitilun da ake aiki da su kafin nan irin masu sandunan gawayi biyu ne, waɗanda wutar lantarki ke tsallakewa a tsakaninsu. Haskensu ƙarfi gare shi, amma suna ƙugi, makirfo kuma yana kwasar ƙugin. Sai aka koma ga ƙwayayen fitila marasa ƙara, masu raunin haske. Kyamarar ita ma ƙara gare ta, aka kulle ta cikin akwati tana leƙe ta bayan gilashi, wanda shi ma yana cin nasa rabon. Da haske ya yi ƙaranci sai aka wangale kafa, bayan hoto ya narke. Daga baya abin da larura ta jawo ya zama ado: fuskar tauraruwa tana sheƙi a tsakiya, an sa mata siririn yadi a gaban gilashi don fatar ta yi laushi, sauran duniya kuma hazo.

A cikin wannan salon Toland ya tashi. An haife shi a Charleston ta jihar Illinois ranar 29 ga Mayu 1904. Yana ɗan shekara 15 ya shiga kamfanin Fox a matsayin ɗan aike, ya zama yaron kyamara, ya yi shekaru ƙarƙashin mai ɗaukar hoto George Barnes a kamfanin Samuel Goldwyn, a 1931 kuma ya fara riƙe fim shi kaɗai. Zamansa da Goldwyn ya yi masa rana. Kamfanin ba ya fitar da finafinai da yawa a shekara, don haka Toland yana samun lokacin gwaji, yana shiga shirin fim tun kafin a kafa katako na farko, yana da yaransa na dindindin da kayan aikin da ya gyara daidai hannunsa. Lambar Oscar ɗaya tak da ya samu a ɗaukar hoto ta zo ne a kan Wuthering Heights na 1939, fim ɗin da ya fi kusa da laushin da Hollywood ta saba da shi fiye da duk abin da aka san shi da shi yau.

Kafin ya haɗu da Orson Welles, daraktan Citizen Kane, ya yi finafinai biyu da darakta John Ford a 1940, kuma duk mai son sanin ƙarfinsa ya fara da su. A The Grapes of Wrath akwai inda Tom Joad ya dawo daga kurkuku ya tarar gidansu kango, ya shiga cikin dare da tsohon mai wa'azi Casy, suka iske Muley a ɓoye. Kyandir ɗaya ne a labarin, Toland kuma ya bar hasken ya yi kama da na kyandir ɗaya: rabin fuska, ƙyallin ido, saura baƙi ƙirin. A zamanin da furodusa ke ganin ya biya tauraro kuɗi don a ga fuskarsa, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. A The Long Voyage Home ya gwada ɗakuna masu rufi da zurfin hoto a cikin matsatsin jirgin ruwa, har Ford ya sa sunansa a allo ɗaya da nasa. Welles ma haka ya yi masa daga baya.

A cewar Welles, Toland ne da kansa ya zo ya nemi aikin, don yana son wanda bai taɓa yin fim ba, wanda bai san abin da aka ce ba ya yiwuwa ba. Welles na da shekara 25. Kamfanin RKO ya aro Toland daga Goldwyn a kan dala 700 a mako, da sharaɗin za a ɗauki yaransa a kuma yi hayar kayan aikinsa. Sun fara ɗauka a ƙarshen Yuni 1940 da sunan gwaji, don kada manyan kamfanin su sa baki.

Bashin hasken ta hanyoyi da dama aka biya shi, kowacce ta kawo ɗan abin da ya samu. Ta farko fim ɗin kansa: Super XX na kamfanin Kodak, wanda ya fito a 1938, yana kama hoto da haske kaɗan fiye da waɗanda suka gabace shi. Aibinsa tsakuwa-tsakuwar da ke bayyana a hoto, abin da ya sa da yawa suke ajiye shi sai ɗaukar dare. Ta biyu shafen gilashi. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa ba tana mayar da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na hasken da ya doke ta. Gilashin kyamara ba ƙwaya ɗaya ba ne, jeri ne, mai fuska takwas yana iya zubar da kusan sulusin hasken. Asarar ma ba ita ce babbar matsala ba. Hasken da ya ɓace yana yawo a cikin bututun ya dawo ya zauna kan hoto kamar ƙura, baƙi ya koma toka-toka. Toland ya sa aka yi wa gilasansa wani siririn shafe mai suna Opticoat, hasken da ke wucewa ya ƙaru, baƙin ya zauna daram, ya kuma sami damar fuskantar fitila kai tsaye, kamar a ɗakin kallon fim na farkon labarin, inda 'yan jarida suka zama inuwoyi a cikin hasken majigi. Ta uku kyamarar Mitchell BNC, wadda aka ƙera ta mara ƙara tun daga masana'anta, ba ta bukatar akwati, ballantana gilashin da ke gabansa. Ta huɗu komawa ga fitilun gawayi. A lokacin an riga an gyara su saboda finafinan Technicolor masu launi, masu cin haske, ƙuginsu ya ragu.

Akwai wata 'yar dabara da ba a cika ambata ba. In kafa ta tsuke sosai, kuskuren gashin kai a zoben da ake murɗawa yana sauya yawan hasken da ke shiga, sai hoton yau ya ƙi dacewa da na jiya. Toland ya kauce wa wannan da 'yan farantan ƙarfe masu huda daidai ma'auni, ana zura wanda ake so a jikin gilashin. Tsohuwar dabara ce ta masu hoto tun ƙarni na 19.

Yawan haske kaɗai bai isa ba, sai an raba shi. Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ake zato: in ka ninka nisa biyu, rubu'i ne ke isa. Mutumin da ke mita biyu daga fitila da wanda ke mita shida, na biyun kashi ɗaya cikin tara yake samu. A salon da aka saba wannan ba damuwa ba ne, tunda na bayan dama ba a ganinsa sosai. A wajen Toland kowane mataki na zurfin ɗakin sai an ba shi nasa hasken, an auna shi, an kuma tabbatar inuwar na gaba ba ta faɗa kan na tsakiya ba. Nan fitilar gawayi ta yi amfani, don haskenta mai kaifi ne, yana jifa nesa. Kuɗinta kuma zafi ne da hayaƙi, da tsayawa a sauya sanduna in sun cinye.

Sai gilashi mai faɗin gani ya kawo tasa rigimar. Ɗakunan da ake ginawa a situdiyo bango uku ne ba rufi, domin ta sama ake rataye fitilu, ta nan ake zuro makirfo a kan doguwar sanda. Gilashin milimita 24, musamman in an sauke kyamara ƙasa tana kallon sama, zai hango duk wannan tarkace. Dole a yi rufi. Toland da mai tsara ɗakunan, Perry Ferguson, suka shimfiɗa farin yadi mara kauri suka ɗaure shi tam ya yi kama da silin. Sauti yana ratsa yadin, don haka aka ɓoye makirfo a samansa, inuwar sandar da ke addabar kowane mai ɗaukar hoto ta ɓace. Amma an rufe hanyar fitilun sama, sai aka koma haskawa daga ƙasa da gefe. Shi ya sa fuskoki a fim ɗin suke da wannan kaifi, inuwoyi kuma suke hawa bango. A fitowar da Kane, attajirin mai jaridu da labarin ke kansa, ya faɗi zaɓe yana magana da abokinsa Leland a ofishin jarida, sai da aka fasa daɓen situdiyo aka saka kyamara a rami. Rufin ma ba a nan aka fara shi ba. Bert Glennon ya yi a Stagecoach na Ford a 1939, fim ɗin da Welles ya yi ta nanata kallo kafin ya fara nasa.

Me aka saya da duk wannan wahala? Dubi fitowar gidan haya a Colorado. Kyamara ta fara da yaro Kane yana wasa cikin dusar ƙanƙara, ta ja baya ta shigo ta taga, ta ci gaba da ja har uwar da ma'aikacin banki Thatcher suka zo suka zauna gaban tebur daf da ita. Uwar tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta ga banki. Uban na tsaye a tsakiya yana ƙorafin da ba mai saurare. Can ƙurya, cikin murabba'in taga, yaron yana ta ihunsa, bai san ana yanke masa rayuwa ba. Mataki uku, kuma matsayin kowa a hoton shi ne matsayinsa a maganar: mai iko a gaba, mara iko a tsakiya, wanda ake magana a kansa a nesa, ɗan mitsitsi amma tar. Da salon da aka saba ne, sai a yanka zuwa fuskar uwa, a yanka zuwa yaro, a dawo, mai tace fim ya riƙa gaya maka inda za ka duba. Don kyamara ta samu hanyar ja baya, teburin gida biyu aka yi shi, aka haɗe shi bayan ta wuce. Mai lura zai ga hular da ke kansa tana ɗan motsi.

Gilashi mai faɗi yana kuma ƙara nisa tsakanin gaba da baya, abu na kusa ya kumbura, na nesa ya ƙanƙance. A fitowar da Kane ke sallama jaridunsa bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, tagogin bayan ɗakin kamar na kowane ofis suke. Sai ya taka zuwa wajensu, yana tafiya yana raguwa, har ka ga ashe gindin tagar ma ya fi kansa tsawo.

Toland ya rubuta a mujallar American Cinematographer ta Fabrairu 1941 cewa abin da suke nema shi ne hoto mai kama da gaskiya, masu sharhi da yawa kuma suka ɗauka cewa duk abin da suka gani a ɗauka ɗaya aka yi shi. Ba haka ba ne. Shahararriyar fitowar da Susan, matar Kane, ta sha magani don ta kashe kanta, kofi da cokali da kwalba cike da gaban hoto, ita a kwance cikin inuwa, Kane ya ɓalle ƙofa can baya, ta fi ƙarfin kowane gilashi na lokacin. Sau biyu aka ɗauke ta a kan fim ɗaya. An haska kwalbar an saita fokas a kanta, bayan ɗakin na cikin duhu. Aka mayar da fim baya a cikin kyamara, aka kashe hasken gaba, aka kunna na baya, aka sake saiti, aka sake ɗauka. In kyamara ta gusa ko da ƙanƙani tsakanin ɗaukar biyu, ko haske ya zubo inda ya kamata ya zauna baƙi, hotunan za su hau juna, kuma ba mai sani sai an wanke fim. Wasu fitowar kuma, kamar inda Kane ke buga sharhin Leland a keken rubutu, a na'urar haɗa hotuna ta Linwood Dunn aka ɗinke su. Wannan bai rage wa Toland komai ba. Abin da ya nuna shi ne zurfin shawara ce da aka yanke tun farko, in gilashi ya kasa sai a bi ta wata hanya.

Hannun nan nasa ya sake bayyana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana sojan ruwa ya yi December 7th tare da Ford, inda aka sake shirya yawancin harin da Japan ta kai Pearl Harbor a situdiyo da ƙananan jirage na ƙira. An daɗe ana sa wasu hotunan a shirye-shiryen tarihi kamar na ainihi ne.

Citizen Kane ya fito ranar 1 ga Mayu 1941. Lambar Oscar ta ɗaukar hoto ta shekarar ta tafi wajen Arthur Miller a kan How Green Was My Valley. Cikin abokan sana'ar akwai masu ganin aikin Toland ya cika nuna kai, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba: akwai wuraren da hoton ke jan hankali zuwa ga kansa fiye da labarin. A ganina inda salon ya nuna sosai shi ne a hannun darakta William Wyler. A The Best Years of Our Lives na 1946, Al ya gaya wa Fred, wanda ke da aure, ya fita harkar 'yarsa Peggy. Fred ya tashi ya shiga ɗakin tarho a ƙarshen mashayar. A gaban hoto Homer, wanda Harold Russell, tsohon sojan da ya rasa hannayensa biyu da gaske, ya fito a matsayinsa, yana kaɗa piyano da ƙugiyoyin ƙarfensa tare da kawunsa. Ga kiɗa, ga abin kallo a gaba. Amma abin da ke karya zuciya yana can saman kusurwar hagu, mutum ɗan ƙarami a bayan gilashi yana magana ba a jin muryarsa. Ba ramin da aka haƙa, ba inuwa mai ban tsoro, mashaya ce kawai. Ba a ko sa sunan Toland cikin 'yan takarar Oscar a kan wannan fim ba.

Sannan ga The Little Foxes na 1941. Mijin Regina ciwon zuciya ya taso masa, kwalbar maganinsa ta fashe, ita kuma ta ƙi tashi ta ɗauko wata. Bette Davis, wadda ta fito a matsayin Regina, na zaune a gaba, fuskarta tar, ba ta motsi. Mijin ya rarrafa zuwa matakala a bayanta, kuma a nan, a fim ɗin da kusan komai ke fitowa fes, aka bar shi dishi-dishi har ya faɗi. Mai kallo yana ta ƙoƙarin ganinsa, ita ta ƙi waiwayawa, kyamarar ma ta ƙi. Dushewar ta yi wannan tasiri ne don ba a saba ganinta a sauran fim ɗin ba.

Toland ya rasu ranar 28 ga Satumba 1948 sakamakon toshewar jijiyar zuciya, yana da shekara 44. Cikin 'yan shekaru fim mai launi, wanda ya fi cin haske, da faffaɗan allon CinemaScope da ya zo a 1953, suka sake taƙaita zurfin da ake iya samu.

Yau lissafin ya juye. Kyamarorin dijital suna ɗauka da hasken da Toland ba zai ko gwada ba, wayar hannu kuma saboda ƙanƙantar abin da ke karɓar hoto a cikinta komai yana fito mata tar, har sai an sa manhaja ta narkar da baya da gangan. Mai ɗaukar fim a Kano ko Jos da ke son gwada salon a falo mai zurfin mita biyar ba ya bukatar fitilar gawayi. In kyamararsa mai ma'aunin Super 35 ce, wato abin da ke karɓar hoto a cikinta girmansa kusan na fim ɗin Toland ne, gilashin 24 a f/8 da fokas a kusan mita uku zai riƙe masa ɗakin duka. In babba ce mai cikakken faifai, wato full frame, sai gilashin 35 a kusan f/11 kafin ya sami kwatankwacinsa. Kada ya zarce zuwa f/16 ko f/22 don neman ƙari, domin in huda ta yi ƙanƙanta ainun haske yana bazuwa a gefenta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Inda aikin zai ci masa lokaci shi ne bayan ɗakin: wayar da ta saƙalo daga silin, kalandar bara a bango, ɗan kallon da ya leƙo ta taga, duk za su fito daidai da fuskar jarumi. Ɗan wasan da ke can baya kuma dole ya ci gaba da wasa ko ba shi ke magana ba, in ɗaya cikin ukun ya kuskure a minti na biyu, daga farko za a sake.